Sallama Uku a Ƙofar Malam Habibu

Kai Abba, ajiye wayar nan ka dube ni. Ɗazu wajen cin abinci na ji ka kana cika wa 'yan'uwanka baki, wai gyaran ƙofar tirela aikin minti goma ne, ka gani a bidiyo, noti huɗu za a kwance a cire tsohon makulli a sa sabo, shi ke nan. Ban tanka maka ba saboda akwai baƙi. Yanzu sun tafi, sai ku matso ku duka. Wanda kuma zai amsa mini da Turanci ya riƙe kayansa, na san kuna jin Hausa sarai idan tuwo aka kira ku ci.

Shekarata ashirin da ɗoriya ina wannan aiki a nan garin Manassas na Amurka. Ƙofofin da na gyara ban san adadinsu ba, amma guda ɗaya ce nake kwana da ita nake tashi da ita, domin akwai mutum a bayanta ranar da ta ƙi buɗuwa, kuma ni ne mai gyaran da ya yi mata aiki. Labarinta zan ba ku. Sai dai ba za ku gane ba sai kun san yadda ƙofar take tukuna.

Tirelar da nake nufi ba irin ta dakon siminti ba ce mai bin hanyar Zariya. Ɗaki ne a kan taya, da gado da ɗan kicin da banɗaki, Amurkawa su ɗaura shi a bayan mota su ja zuwa daji ko bakin ruwa, wai hutawa. Mu da muka taso muna gudun kwanan daji, sai ga mu muna cin abinci da masu biyan kuɗi don su je su kwana a can. Ƙofar gida wuri guda take tsaye har ta tsufa. Wannan kuwa tafiya take yi, tana shan jijjigar titi, sanyi ya tsuke ta, zafi ya kumbura ta, ga bangon da aka kafa ta a jikinsa alminiyam ne siriri da katakon da bai fi kaurin yatsa ba.

Aikina na farko a garejin gyaran tirela ba zan manta da shi ba. Da sana'ata na zo ƙasar nan, shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran bodin mota can gida a kasuwar Ƙofar Ruwa, ina ganin babu ƙofar da za ta ɓoye mini wani sirri. Mai garejin da ya ɗauke ni wani tsohon Bature ne, Mista Walta, mutum mai tsadar magana. Ya nuna mini wata tirela ya ce ƙofarta tana cijewa. Na zage na kwance makulli, na sa sabo fil, na rufe, ta cije. Na kwance hinji, wato ƙarafan da ƙofa ke lilo a kansu, na ɗaga na sauke. Na sa magagari na ci bakin ƙarfen da harshen makulli ke shiga har na kusa cinye shi. Tun safe har azahar tsohon nan yana zaune a kan jarka yana shan kofi yana kallona. Da ya ga na jiƙe sharkaf da gumi, sai ya taso ya ɗora ma'aunin lebur a daɓen tirelar, ya nuna mini ɗigon ruwan ya gudu gefe guda. Ya tsugunna ya juya jak ɗin kusurwar baya sau uku, ya tura ƙofar da ɗan yatsa, ta rufu lafiya lau. Ashe makullin da na cire ba abin da ya same shi. Tirelar ce ta karkace, firam ɗin da ƙofar ke zaune a ciki ya murɗe, ni kuma ina ta dukan marar laifi. Ranar na ji kunya ba kaɗan ba, kuma wata shida ya yi bai bar ni na sake taɓa makulli ba, sai auna lebur da juya jak.

To wannan ba ya cikin bidiyonka, Abba. Kafin ka taɓa ƙofa, ka fara duba ƙasar da tirela ke tsaye a kai. Bayan nan ka kama ƙofar a buɗe ka ɗaga ta sama, in ta yi wasa hinji ne ya saki. Guda uku ne, na sama ya fi shan wahala, don shi ke ɗauke da nauyi, shi kuma iska ke fizga idan aka bar ƙofa a wangale. Wani lokaci ka ɗaure noti ka ji yana ta juyawa ba ya kamawa. To ruwa ne ya shiga ta saman ƙofa, katakon ciki ya ruɓe ya koma kamar dusa, sai ka buɗe bango ka dasa sabon katako, aikin yini biyu. Kayan aikina ba su da yawa: lebur, magagari, injin huda, bindigar ribiti, filaya, sai jan-baki. E, jan-bakin mata, ku yi dariyarku. Shafa shi ake yi a harshen makulli a rufe ƙofa, sai ya bar maka alama daidai inda yake gogar ƙarfe. Hajiyata ta yi shekara tana zargin 'yan matan gidan nan da ɗebe mata shi.

Wani ƙaton kwastoma ya taɓa kirana daga sansanin hutu, shi da karensa sun kulle kansu a ciki. Makullin tirela biyu ne a jiki guda. Akwai na hannu wanda kake ja ƙofa ta buɗe, akwai kuma sakata, wadda ake murɗawa daga ciki da wani ɗan jan mariƙi. Ƙarfen da ke tura sakatar nan na banza ne, in firam ya matse ta ka yi mata dole sai ya tsage, daga nan ba ta gaba ba ta baya. Na gaya wa mutumin ya nemi tagar da ke da jan hannu, wadda aka yi don gudun gobara, ya tura ta waje ya fita ta nan. Ya fito, amma wandonsa ya yage tun daga ƙugu har gwiwa a gaban maƙwabtansa. Muka yi mako muna ƙyaƙyata dariya a gareji. A lokacin nan, a wurina, mutum ya maƙale cikin tirela abin ba'a ne kawai.

Sai shekarar korona ta zo. Mista Walta ya riga ya yi ritaya ya bar mini garejin, ni kaɗai nake. Watan farko ko ƙuda ba ya shigowa, ina zaune ina goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Daga baya aiki ya zubo har ya fi ƙarfina, don ma'aikatan asibiti da yawa sun koma kwana a tirela a ƙofar gidajensu, gudun kada su kai wa iyalansu cutar. Tsofaffin tirelolin da suka yi shekaru a yashe duk aka zaƙulo su. Ga aiki, amma babu kayan gyara. Masana'antu a rufe suke, ka nemi makulli guda a ce maka sai bayan wata biyu, shi ma in Allah ya so.

Cikin wannan hali Malam Habibu ya kira ni. Mutumin Funtuwa ne, nas a wani asibiti, yana aikin kwana. Wasunku za su tuna shi, shi ne mai yawo da na'urar awon jini a mota, ko a wajen suna sai ya kama dantsen dattijai ya auna, ya yi ta yi mini faɗa a kan gishiri da kilishi. Gidansa na garin Woodbridge, ba nisa da nan, da matarsa Hajiya Rabi da 'yarsu Ummi, lokacin shekarunta huɗu. Wani maƙwabcinsa ne ya ara masa tsohuwar tirela, aka girke ta a gaban gidan. Nan yake kwana, nan yake salla. Hajiya takan kawo abinci a kwando ta ajiye a kan matakala ta koma, shi kuma ya ɗaga musu hannu ta taga.

Ya ce mini ƙofar tana ba shi wuya. Na je da takunkumi a fuska, ya fito ya tsaya can nesa wajen motarsa muka gaisa. Da na duba, gaban gidan gangare ne, an tokare tirelar da guntayen katako a kan ciyawa, ɓangare guda ya fara nitsewa. Na daidaita ta, na ɗaure hinjin sama, ƙofa ta dawo hayyacinta. Amma da na buɗe cikin makullin sai na ga ƙarfen sakatar ya riga ya tsage, saura ƙiris ya rabu biyu. Ba ni da sabo. Na mayar na ɗaure, na ce masa ya riƙa jan ƙofar kawai, kada ya kuskura ya murɗa sakata har in samo masa wani makullin.

Ya yi murmushi, na gani a idonsa. Ya ce, “Malam Sule, Ummi ta koyi jan hannun ƙofar nan. Sau biyu ina farkawa in gan ta a tsaye a kaina. In ban sa sakata ba, me na zo yi nan?”

Na ce ya sa mahaifiyarta ta riƙa sa mata ido, ya ba ni mako guda. Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin, na mutumin da ba ya son jayayya da babba ne. Tagar gudun gobara tana nan ta wajen gadonsa, ina kallonta, ban nuna masa ba. Sauri nake, wasu ayyuka uku na jirana. Kuma gaskiya sai na ga kamar raini ne in tsaya ina koya wa mai ilimi kamarsa yadda ake buɗe taga.

Kwana tara na yi ina neman makullin nan. A ƙarshe a jikin wata tirelar da bishiya ta faɗa wa na ciro shi, na wanke na sa masa mai. Ranar Talata da hantsi na isa gidan. An yi kwana uku ana ruwa, tun daga mota na ga katakan sun ƙara nitsewa, ƙofar ta matse daga kusurwar sama. Motarsa na nan, labule a sake, kwandon karin kumallo a kan matakala ba a taɓa shi ba. Na yi sallama, shiru. Na ƙwanƙwasa a hankali na sake sallama, shiru. Na ɗan taɓa hannun ƙofar, na ji sakata a ciki. Har na yi tsaki a raina, na ce mutumin nan bai ji maganata ba. Na yi sallama ta uku.

Ku da aka haifa a nan ba lallai ku san nauyin wannan ba. Mu an tashe mu a kan cewa sallama uku ce, in ba a amsa maka ba ka juya, ba ka leƙe, ba ka naci. Mahaifina ya taɓa tsinka mini mari don na leƙa zauren wani bayan an yi mini shiru. Ga shi mutum ya kwana a tsaye kan marasa lafiya, da wane ido zan tashe shi saboda makulli? Gidan kuma ba zan buga ba, maigida yana barci, mace ce kaɗai a ciki da yarinya, a lokacin da kowa ke gudun kowa. Na koma motata na kira wayarsa, ta yi ta shiga ba a ɗauka ba. Na tura masa saƙo cewa na zo zan dawo gobe. Injin huda yana cikin motata, jak yana cikin motata. Ƙofar nan ko na ɗaga gefen tirelar ko na huda makullin, ba za ta ɗauke ni minti biyar ba. Har yau ban sani ba ko na ji wani ɗan motsi daga ciki ko ban ji ba. Na mayar da makullin cikin jaka, na kama hanyar Manassas.

Sai wajen la'asar Hajiya Rabi ta gane akwai matsala. Ta kawo abincin rana ta tarar da na safe yana nan, ta ce gajiya ce ta koma. Da ta sake fitowa ta kira wayarsa, sai ta ji tana ƙara a cikin motarsa. Ashe ya saba sa ta a leda in ya taso daga asibiti har sai ya goge ta, ranar kuwa jikinsa bai bar shi ya tuna da ita ba. Ta buga ƙofa ta ja, ta ƙi. Sai da 'yan kwana-kwana suka zo suka sa ƙarfe suka ɓalle ta. A ƙasa suka same shi, numfashi da ƙyar, ashe cutar ta kama shi. Kwana shida ya yi a asibitin da yake aiki, Allah ya karɓi abinsa. Mutum kaɗan aka bari suka shiga maƙabarta, ni daga bakin titi na tsaya na yi masa addu'a.

Na san kwana in ya ƙare ba makullin da zai ƙara shi, ba sai malami ya gaya mini ba. Amma ni maganar aiki nake muku. Idona ya ga ƙofa ta matse, hannuna ya ji sakata a ciki, ni ne kuma na san ƙarfen a tsage yake. Kowa a duniya zai iya cewa bai sani ba, ban da ni. Tun daga ranar ba na barin tirela sai mai ita ya buɗe tagar nan da hannunsa a gabana, ko farfesa ne. In kuma na san akwai mutum a ciki aka yi mini shiru, ba na ƙirga sallama, buɗewa nake yi, ya fito ya zage ni.

Bayan an yi arba'in Hajiya Rabi ta kira ni. Ta ce tana son mayar wa maƙwabcin nan tirelarsa, kuma kayan aro ba a mayar da shi a karye. Na so in haɗa ta da wani mai gyaran, amma na rasa dalilin da zan ba ta. Duk tsawon kwanakin nan ban gaya wa kowa na je gidan da safiyar nan ba, ko Hajiyata ba ta sani ba. Na ɗauki jaka da makullin nan dai da na samo masa, na tafi.

Ƙofar ta ji jiki. Firam ya lanƙwashe inda aka sa ƙarfe, hinjin sama ya tsinke daga bango, na tsakiya ya murɗe. Na fara da daidaita tirelar, wannan karon na sa mata faffaɗan katako yadda ba za ta sake nitsewa ba. Na cire ƙofar na kwantar a ciyawa, na tokara guntun katako na bi firam ɗin da guduma a hankali har ya miƙe. Na huda sababbin ramuka na buga ribiti, na rataya ƙofa. Saura makulli, shi kuwa daga ciki ake kwance shi, dole na shiga.

Ba a taɓa komai ba. Sallayarsa na ninke a bakin gado, takalmansa na aiki a gefe. Da na tsugunna sai na ga jan mariƙin sakatar a ƙasa, ya karye daga gindi, irin karyewar da sai an murɗa da iyakar ƙarfi. Na ɗaga kai na dubi notocin nan huɗu da ke riƙe da makullin. Biyu na ƙasa duk an kakkarce kewayensu, fenti ya goge, ƙarfe na sheƙi. Notocin tirela ramin kansu mai kusurwa huɗu ne, ba abin da ke kama su sai sukudirebansu. A ƙarƙashin kabad na hango cokalin shayi, bakin mariƙinsa ya lanƙwashe. Ɗaya daga cikin notocin har ya juya kamar rabin zagaye. Daga inda karcen ya tsaya, mutumin ba a tsaye yake ba, a kwance ko a durƙushe ya yi aikin. Kuma irin wannan karce ba na minti goma ba ne. Na zauna a daɓen nan na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Da na gama sa makullin na gwada shi, na fito. Hajiya Rabi tana tsaye a bakin ƙofar gida cikin hijabinta na takaba, ta ajiye mini ruwa a kan dakali. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Sannan na sunkuyar da kai na gaya mata cewa na zo ranar da hantsi, na yi sallama uku na tafi.

Ta ce, “Na gan ka, Baba. Ina taga ina kallonka. Da na ga ka juya ba ka tashe shi ba, har albarka na sa maka a raina, na ce ga mutum mai hankali.”

Ta shiga murza bakin hijabinta. Can ta ce akwai tambayar da take son yi mini, ta rasa wanda za ta yi wa. Ta ce 'yan kwana-kwana ba su bar ta ta leƙa ba, kuma har yau ta kasa taka matakalar nan.

“Kai ka san ƙofa, Baba. Ya nemi fitowa?”

Ni da ban taɓa ɓoye wa kwastoma gaskiyar ƙofarsa ba, ko da zai ji haushina. Na dube ta, na ga Ummi ta leƙo ta bayanta tana riƙe da zaninta. Na ce, “Ban ga alamar haka ba, Hajiya. Makullin ne kawai ya cije.”

Ta sauke wani dogon numfashi, ta ce alhamdulillahi, ashe barci ne ya zarce da shi, bai san an bar shi shi kaɗai ba. Ta yi mini godiya, ta ja 'yarta suka shiga ciki. Na tattara kayana, tsohon makullin da notocinsa na cusa su can ƙasan jaka. Cokalin kuwa yana aljihun wandona, yana sukata a cinya har na isa Manassas.